Wani Seiler a Cikin Makiyaya

Wasiƙar ta iso ne ranar da mai sayen saniyarmu ya zo ya tafi da ita. Ina tsaye a bakin shinge ina kallon yadda take tirjewa a kwanar layi, sai ga mai rabon wasiƙu a kan kekenta, ta miƙo mini ambulan ba tare da ta sauka ba. Sunan mahaifina ne a jiki da haruffan Rashanci, hatimin kuma na Ayagoz. Ina ganin sunan garin gabana ya faɗi. Na cusa ta a aljihun rigar sanyi, na shiga gida na ɗora ruwan shayi kamar ba abin da ya faru.

A kakar shekarar 1993 ke nan. Ƙauyenmu da ke kusa da Karaganda, a Kazakistan, ya fara zama kango. Kusan duk gidajen na Jamusawa ne, kuma ba a yin mako guda wani gida bai ƙulle akwatuna ya tafi Jamus ba. Mu ma izininmu ya daɗe da fitowa. Mijina Waldemar ya ajiye aikin tarakta a gandun gwamnati, ya yi wa mutumin da zai karɓi gidanmu alkawarin za mu fita kafin dusar ƙanƙara ta fari. 'Yarmu Nelli tana can tun bara, ga ta da cikin wata bakwai, kowace wasiƙarta kuma tambayar ɗaya ce, Mama yaushe. Abin da ya rage kawai Baba ya sa hannu a tasa takardar. Shi kuwa ya ce ba inda za shi sai ya ji labarin Ewald.

Ewald ƙanensa ne. A watan Satumba na 1941, Rasha tana yaƙi da Jamus, da aka kwashe mutanen ƙauyukanmu na bakin kogin Volga a taragun shanu, Baba yana da shekara goma sha biyar, Ewald huɗu. Bayan fiye da mako biyu a hanya jirgin ya tsaya a Ayagoz. Kakata tana kwance da zazzaɓi, sai ta aiki Baba ya ɗebo ruwan zafi, ta ce ya fita da yaron ya sha iska. Layin famfo ya yi tsawo, ga turereniya. Baba ya zaunar da Ewald a kan wasu buhuna inda yara suke, ya ce kada ya motsa. Jirgin ya tashi ba zato. Mutane suka ɓarke da gudu, wani soja ya damƙo Baba ta ƙeya ya jefa shi a taragon da ma ba nasu ba. Sai a tasha ta gaba ya isa wurin mahaifiyarsa, da buta cike da ruwa, babu yaro.

Baba, Reinhold Seiler, ya yi shekara talatin a ramin kwal bai taɓa ba kowa wannan labari ba. Ni kaina sai da na haihu na ji shi. Da aka saki bakin mutane sai ya fara sa cigiya a jaridar Jamusawa ta Alma-Ata, shekara biyu a jere, ba wanda ya amsa. A lokacin zuciyarsa ta riga ta raunana. Likita ta ja ni gefe ta ce a kiyaye masa hawa tudu, da gishiri, da labari mai nauyi.

A garken saniyar da ya zama fanko na buɗe wasiƙar. Wata malamar makaranta ce mai suna Aigul ta rubuto. Ta ce ta ga cigiyar Baba a tsohuwar jarida, mahaifinta kuma makiyayi ne, sunansa Seyil. A kakar shekarar farko ta yaƙi wani ma'aikacin layin dogo ya tsince shi a tashar Ayagoz, yaro mai farin gashi, ba ya jin Kazakanci ba ya jin Rashanci. A wuyan rigarsa an ɗinke wani ƙyalle mai rubutu. Magatakardan tasha ya iya karanta farkon kalma ɗaya kawai, Seil, shi ya sa aka raɗa masa Seyil. Ta ce ƙyallen yana nan, in muna so mu gani.

Na sami Waldemar a bayan gida yana tonon dankalin ƙarshe. Ya karanta sau biyu, ya share hannu a wando.

"Alwina, kin san Seiler nawa ne a duniya? Nelli ta ce a littafin lambobin tarho na garinsu kaɗai sun kusa cika shafi. Akwai su a Omsk, akwai su a Ajantina. Ko a ramin babanki akwai wani Seiler mai ido ɗaya da ba ku haɗa komai ba."

"A tashar Ayagoz fa, a wannan watan? Su nawa ne?"

Ya kafa shebur a ƙasa ya jingina da shi.

"In shi ne, tsoho ba zai tafi ba. Kin san haka."

"Na sani."

"In kuma ba shi ba ne, kin ji abin da likita ta ce."

"Wannan ma na sani."

"Ba mu da saniya, ba mu tara kwal ba, gida kuma na riga na ba mutum hannu. Ni dai ban ce ki ɓoye ba, ban kuma ce ki nuna ba."

"Kullum haka kake, ka bar mutum a tsakiyar ruwa."

"Ubanki ne. In da nawa ne da tuni na ɗaure shi a akwati."

Kwana biyu wasiƙar tana aljihuna. Duk sanda Baba ya yi tari sai in taɓa ta. A rana ta uku na ce masa an ce akwai gyara a takardun Waldemar, zan je birni in kwana biyu ko uku wurin wata ƙawata. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Takardun direban tarakta maras tarakta? Me ya rage a gyara masa?"

Na yi dariyar dole na fita.

Yini da kwana na yi a jirgi, da canji a hanya. Ta taga ba abin gani sai busasshiyar ciyawa har iyakar ido. Na yi ta ƙoƙarin yin addu'a, amma na rasa abin da zan roƙa. In na ce Allah ya sa shi ne, sai Nelli ta faɗo mini a rai, tana naƙuda a ƙasar da ba ta da kowa. In na ce Allah ya sa ba shi ba ne, sai in ji kunyar kaina. Gurasar da na yi guzuri da ita har na sauka ban taɓa ta ba.

Aigul ta tare ni a tasha, doguwar mace mai kama da kowace Bakazakiya, sai dai idanunta sun yi haske kaɗan. Motar ɗaukar madara ta kai mu rugarsu, gidaje bakwai na laka a gindin wani tsauni. Wani mutum yana zaune a kan kututture yana gyara linzami. Da ya ɗago na ga fuska ce da rana da iska suka ƙone, ga hular gashin rago, ga gemu ɗan siriri irin na tsofaffinsu. Idanun ne kawai ba na nan ba, shuɗaye kamar na kowa a layinmu. Na dubi hancinsa, na dubi yatsunsa, ina neman Baba. Wani lokaci in ga kamar akwai, in ya juya kuma in ga babu.

"Sannu da hanya, ƙanwata," ya ce da Rashanci mai nauyi. "Shiga, shayi ya yi."

Na san al'adarsu, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci. Matarsa Balzhan ta shimfiɗa ledar abinci a ƙasa, ta yi ta zuba mini shayi da madara kaɗan-kaɗan a ƙasan kwano. Na sha kwano shida. Aka kawo naman rago a kan faffaɗar taliya. Sai da aka gama, ya shafa fatiha, sannan Balzhan ta ce,

"To Bajamushena, tashi ka ɗauko mata. Tun jiya ya hana ni sakat, ya wanke wuya sau uku kamar mai zuwa neman aure."

"Da na san za ki yi surutu haka da a can na nemo mata."

"Wa zai ba ka? Kai da ko sunanka ba ka iya karantawa."

Ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro wani farin ƙulli. A ciki akwai ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, da ragowar zare a gefunansa. Rubutun na fensir ɗin nan ne mai zama shuɗi in ya jiƙe, layi huɗu. Na kai shi bakin taga. Tsohon rubutun Jamusanci ne mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto, wanda aka daina koyarwa tun kafin a haife ni. Ni makarantar Rashanci na yi, Jamusancina na kicin ne. Na gane Seiler. Kafinsa akwai wata kalma da ta fara da harafin E. Sauran ya fi ƙarfina.

"E ne," na ce. "Sunan ƙanen Baba da E ya fara."

Na juya wajen Seyil, na kira shi aga, wato yaya, yadda suke girmama babba.

"Seyil-aga, ba ka tuna komai ba? Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya. Sai wani abu da suke mini dariya a kai. Tun ina yaro nake cewa na taɓa cin kankana mai gishiri da tsami, daga cikin ganga. Mahaifiyata da ta rene ni takan ce aljanu ne suka ba ni a mafarki."

A rumfar ƙasa ta gidanmu akwai ganga biyu na irin wannan kankana. Amma kowane gida daga Volga yana da ita, wannan ma na sani.

Na roƙe shi ya ara mini ƙyallen in kai wa Baba. Ya girgiza kai ya mayar da shi cikin ƙullin.

"Shekara hamsin da biyu bai kwana a wani gida ba sai inda nake. In zai je, tare za mu. Amma ki ji, ƙanwata, ni ba Jamus nake nema ba. Ga tumakina, ga jikokina, ga kabarin mutanen da suka rene ni. A wurinmu akan tsayar da yaro a ce ya lissafa kakanninsa bakwai. Jikokina na mutumin da ya tsince ni suke lissafawa, kuma ya cancanta. Amma duk sanda suke yi sai in sunkuyar da kai. So nake in san sunan matar da ta riƙe allura ta ɗinka wannan, in sa ta a addu'a."

Washegari muka kama hanya mu biyu. A jirgi ya zauna da ƙullin a ƙirjinsa cikin riga, bai cika magana ba. Sau biyu ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, sai ya koma kallon taga. Ni kuma ina ta shirya yadda zan fara gaya wa Baba, kowace hanya na ɗauko sai in ga ba ta yi ba.

Da hantsi muka isa gida. Na bar shi a bencin ƙofa tare da Waldemar, na shiga ni kaɗai. Baba yana zaune a kujerarsa ta bakin murhu. Ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, har maɓallin wuya ya ɓalla.

"An gyara takardun?" ya ce.

"Baba..."

"Mai wasiƙu ta tambaye ni ko wa na sani a Ayagoz. Tun ranar da kika tafi. Kwana huɗu nake sa rigar nan da safe in cire da yamma."

"Tsoro na ji. Likita ta ce..."

"Likita ba ta san ni ba. Ke kin san ni, kika ɗauke ni yaro." Ya gyara zama. "Yana ina?"

"Yana waje. Amma Baba, ban tabbata ba. Ka sha maganinka tukuna."

"Shigo da shi."

Seyil ya cire takalma a ƙofa, ya cire hula. Gashin kansa fari fat. Ya kama hannun Baba da hannuwansa biyu ya ɗan rusuna. Baba bai tashi ba, ya daɗe yana kallonsa daga sama har ƙasa. Ni ina tsaye a jikin kabad da kwalbar magani a hannu. Waldemar ya tokare a bakin ƙofa, shi bai shigo ba shi bai fita ba.

"Zauna," Baba ya ce da Rashanci. "Ina abin?"

Ya karɓi ƙyallen, ya goge tabarau da gefen rigarsa, ya juya wajen haske. Leɓunansa suka fara motsi ba sauti. Ya kai ƙarshen layi na huɗu ya koma farko. Can ya sauke ƙyallen a kan gwiwa ya rufe shi da tafin hannu.

"Emil," ya ce. "Emil Seiler. An haife shi uku ga Maris, 1937. Ɗan Konrad da Dorothea. Ba Ewald ba ne."

Zan faɗi gaskiya. Abin da na fara ji sauƙi ne, kamar an sauke mini buhu daga ka. Kunya ta biyo baya nan take, har na kasa kallon Baba. Na matso da magani, ya ture hannuna ba tare da ya dube ni ba. Leɓunansa sun yi toka-toka. Na ƙidaya numfashinsa a raina, ina jiran abin da likita ta faɗa.

Seyil ya miƙa hannu a hankali zai ɗauki ƙyallensa.

"Ku yi haƙuri, na tayar muku da hankali a banza."

Baba bai ɗaga tafinsa ba.

"Tsaya. Na san uwarka."

Seyil ya koma ya zauna.

"Dorothea ta gidan bakin rafi. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, tana da wushirya. Ita ke toya wainar biki a ƙauyenmu, kowa ya yi aure sai an kira ta. Wannan rubutunta ne, don ita ke rubuta wa makwabta wasiƙa. Ubanka Konrad maƙeri ne, ya taɓa ja mini kunne don na taɓa masa zugazugi. Taragonku yana bayan namu."

"Dorothea," Seyil ya maimaita, harshensa yana tuntuɓe. Ya sake faɗa. "To ashe mu 'yan'uwa ne, aga? Suna ɗaya, ƙauye ɗaya."

"A'a. Suna ɗaya dai, jini daban. Mu ake ce wa Seiler na tudu, ku na bakin rafi. Kakan kakana daga Hessen ya zo, naku daga wajen Pfalz, duka a Jamus, ba su taɓa ganin juna ba sai a jirgin ruwan da ya kawo su Rasha lokacin da aka yi shelar neman manoma. Ko coci ma ba benci ɗaya muke zama ba."

"To yaya aka yi suna ya zo ɗaya?"

"Ba ka san ma'anarsa ba?"

"Wa zai gaya mini? Tumaki?"

Baba ya ɗan murmusa, karon farko. Na ga launin leɓensa ya fara dawowa, sai na ajiye kwalbar a kan kabad, amma ban yi nisa da ita ba.

"Mai tufka igiya, shi ke nan ma'anarsa. A da can mutanenmu suna ɗaya suke da shi. Da garuruwa suka cika, sai ka kira Hans mutum goma su waiwayo. Sai aka koma cewa Hans maƙeri, Hans mai niƙa, Hans mai igiya. Kowane gari kuwa yana buƙatar igiya, ta rijiya, ta kwale-kwale, ta ƙararrawar coci. Gari ɗari, masu igiya ɗari, ba wanda ya san wani. Mutum ya mutu, ɗansa ya zama manomi, jikansa ya zama soja, sunan yana nan manne. A zuriyarmu kaf ban san wanda ya taɓa tufka ko da zaren takalmi ba. Daga Volga wasu suka tafi Amurka tun zamanin kakana, wasu Ajantina. Sauran kuma jirgin nan ya watsa mu."

Seyil ya dubi tafin hannunsa.

"Ni kuwa tun ina shekara bakwai nake tufka igiyar gashin doki."

"Kowane makiyayi yana yi, kada ka ɗauka wani abu ne," in ji Baba. Daga ƙofa Waldemar ya yi dariya, ya haɗiye ta da na harare shi.

Baba ya sa na kawo takarda. Ya rubuta masa da haruffan Rashanci, Konrad ɗan Philipp, Philipp ɗan Jakob, Jakob ɗan wani Konrad ɗin. Ya ce iya nan saninsa ya tsaya, huɗu ne ba bakwai ba. Sannan ya gaya masa sauran ba tare da ya sassauta ba. Dorothea ta yi ta dukan ƙofar tarago har hannunta ya fashe, ba ta kuma ga ƙarshen sanyin wannan shekarar ba. Konrad ya mutu a sansanin saran itace. Akwai yayar Seyil, Meta, wadda Baba ya taɓa jin tana wajen Omsk shekara talatin da suka wuce. Seyil ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a da Larabci ƙasa-ƙasa, na ji sunan Dorothea a ciki. Baba ya sunkuyar da kai har ya gama.

Na ɗauka an gama ke nan, na juya zan haɗa abinci. Sai na ji Seyil ya ce,

"Aga, akwai maganar da ban gaya wa 'yarka ba. A jirgi na so in faɗa na kasa, don ban san wane ne ni a cikin biyun ba."

Na tsaya da wuƙar burodi a hannu.

"Mahaifina da ya tsince ni ya ce mu biyu ne a kan buhunan. Ɗayan yana tari sosai. Wata ma'aikaciyar asibitin tasha ta ɗauke shi, ni mahaifina ya kawo ni gida. Yaron bai kai saukar ƙanƙara ba. Mahaifina yana cikin waɗanda suka haƙa masa, a gefen maƙabartar ma'aikatan jirgi. Shi babu ƙyalle a rigarsa, ba wanda ya san sunansa. Duk shekara in mun je ziyara yakan nuna mini wurin, ya ce ga abokin tafiyarka."

Baba ya ɗago ya dube shi.

"Tun daga Saratov, farkon tafiyarmu, Ewald yake tari," ya ce. "Mahaifiyarmu ba ta iya rubutu ba."

Ya miƙo hannu wajena, wannan karon shi ya nemi maganin. Na ɗiga masa a ruwa. Ya sha, ya rufe ido. Na durƙusa na riƙe wuyan hannunsa ina jin bugun jini, yana tsalle yana tsayawa. Waldemar ya riga ya sa hula zai tafi neman mota. Baba ya buɗe ido ya ce ya cire hular, ba yau ba ne. Sannan ya ce jibi za mu Ayagoz.

Na yi faɗa, na yi roƙo, na kira sunan likita da na Nelli. Sararin sama ya riga ya yi nauyi, kowa ya san ƙanƙara tana hanya. Bai saurare ni ba. Waldemar ne ya ce in bar shi, shi zai je ya ba mutumin da zai karɓi gidan haƙuri.

Muka tafi mu uku. Duk tsawon hanya idona yana kan ƙirjin Baba. Da muka sauka a tashar bai dubi dama ko hagu ba, ya ce Seyil ya wuce gaba. Maƙabartar tana bayan rumbun kwal. Kabarin ɗan tudu ne da ya kusa bajewa, an kafa guntun ƙarfen layin dogo a kansa, ciyawar wurin kuma an share ta ba da daɗewa ba. Seyil ya ce shi ne yake sharewa tun da mahaifinsa ya rasu. Baba ya cire hula ya tsaya. Iska tana kaɗa masa gashi, ni ina ta so in mayar masa da hular ina jin tsoro. Ya yi magana da Jamusancin ƙauyensu, ƙasa-ƙasa, ban matsa kusa ba. Da ya gama ya tambayi Seyil ko akwai mai walda a garin. Kafin mu bar Ayagoz an manna ɗan faranti a jikin ƙarfen da sunan Ewald Seiler da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Na tambayi Baba ko ya tabbata. Ya ce bai tabbata ba, amma ko ma ɗan wane ne, daga jirginsu ya sauka.

Ƙanƙara ta same mu a hanyar dawowa. Baba ya kwanta mako biyu da ciwon ƙirji, mai karɓar gidan ya yi mana haƙuri ya bar iyalinsa a wurin surukansa. A kan gadon jinya Baba ya sa hannu a takardar. Mun isa Jamus a farkon Disamba, jikata tana da kwana tara a duniya. Baba ya yi shekara huɗu a can. Bai taɓa sabawa da gurasarsu ba.

Aigul ta rubuta Omsk sau uku. Amsa ba ta zo ba sai bayan rasuwar Baba. Meta ta mutu a 1988, 'ya'yanta sunan ubansu Barashe suke amsawa, ba su ma san ta taɓa yin ƙane ba. Ɗaya daga cikinsu ta aiko da hotonta tana budurwa, tsaye a gaban wata masaƙa. Aigul ta ce mahaifinta ya yini yana kallon hoton, daga baya ya kira Balzhan ya nuna mata kunnuwan, ya ce ta duba na autan jikokinsu.